Abin da Wayar Gidanmu ke Ɗauke da Shi

Likitar ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ɗora abin awon nan nasu a bayana ta ce in ja numfashi. Na ja, mu biyun muka ji ƙirjina yana ƙugi kamar tsohon zugazugi. Ta tambaye ni da me nake girki. Na ce da itace, tun ranar da aka kawo ni Sabo, unguwar Hausawa a nan ƙasar Yarabawa, shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Ta ce za ta ba ni magani, amma maganin ba zai tsinana komai ba muddin ina komawa cikin hayaƙi, kuma in na ci gaba, wata rana numfashin zai tsaya mini a tsakar gida kafin a samo mota. Na roƙe ta ta rubuta wannan a takarda ta buga hatimi, domin a gidanmu maganar mace ba ta isa zaure sai da shaida.

Gidanmu gidan gado ne. Surukina ne ya gina shi, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar 'ya'ya maza uku da iyalansu a ciki. Babban shi ne Alhaji, wanda duk muke ce wa Yaya. Mijina ne na tsakiya. A rumfar goron Yaya yake zama tun yana saurayi, kuma har furfura ta cinye gemunsa ban taɓa jin ya ce wa wansa a'a ba. Ƙaramin cikinsu direba ne, yana ɗaukar kaya daga tashar Ojoo zuwa arewa, sai ya yi sati biyu ba mu ga ƙeyarsa ba. Matarsa muna kiranta Iyabeji, yadda Yarabawa ke kiran uwar tagwaye. Ɗakinta na jikin nawa, kuma ita ce ƙawata a gidan. In tari ya sarƙe ni ita ke fitowa da gudu ta shafa mini man zafi a baya.

Yaya mutum ne mai doka. Namiji baligi da ba muharrami ba ba ya wuce zaure, ko da yawancin gidajen unguwar sun daɗe da sassauta wannan. Tukunyar gas ba ta shiga gidan, saboda ya taɓa ganin inda ta fashe. Wutar lantarki kuwa, ya ce mahaifinsu ya ja ta ne don fitila da fanka da rediyo, daga baya ya yi mana alfarma ya ƙara talabijin. Ban da waɗannan, duk abin da ke cin wuta haramun ne. Ban ce tsoronsa na gobara ƙarya ba ne. Abin da nake cewa shi ne, mutum ya kafa doka ya koma zaure ya zauna, ya ɗauka shi ke nan duniya ta tsaya inda ya ajiye ta.

Sana'ata alale. Kullum da safe nake dafawa a gwangwanaye, wata mai shago a bakin titi ta shigo ta kwashe. Bayan maganar likita na gwada gawayi, ya shaƙe ni. Na gwada rishon kalanzir, warinsa ya fi na itacen tayar mini da tari. Ana cikin haka ƙanena ya zo da albasa kasuwar Shasha, ya biyo ya gaishe ni, ya tarar ina durƙushe ina kakari a bakin murhu. Washegari ya dawo da kwali a kafaɗa, rishon lantarki ne mai kai biyu, fari tas. Ya ajiye shi a zaure gaban Yaya, ya ɗora takardar likita a kai, ya durƙusa ya ce alfarma yake nema wa yayarsa. Yaya bai iya cewa a'a a gaban suruki ba. Ya ce to, amma sai mai gyaran wuta ya duba ko wayar gidan za ta ɗauka. A ranar har addu'a na yi masa, na ce yau Yaya ya yi magana irin ta masu hankali.

A nan sai na faɗi abin da duk macen gidan ta sani, wanda Yaya bai sani ba. Tun da layinmu ya gyaru aka fara barin mana wuta da rana, babu ɗakin da ba shi da abin ɓoye. Hajiya, matar Yaya da kanta, tana da hita irin wadda ake tsomawa a bokiti, da ita take dafa masa ruwan wanka, shi kuwa yana yabon yadda ruwansa ba ya warin hayaƙi. Tana da ɗan injin niƙa kayan miya, sai ya fita take kunnawa. Matar babban ɗansa tana da dutsen guga na lantarki da butar shayi. Ni ma ina da dutsen guga, ba zan wanke kaina ba. Babbar ita ce ta Iyabeji: firiza ce irin mai murfi a sama, an shigo da ita lokacin da Yaya ya tafi arewa gaisuwar mutuwa. Ta lulluɓe ta da zanen gado ta jera kwanuka a kai, in ka leƙa sai ka rantse tebur ne. Da ita take yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da su take riƙe 'ya'yanta biyar in mijin ya daɗe a hanya. Kullum da azahar sai an kai wa Yaya zoɓo mai sanyi har kofin na gumi, ya sha ya yi gyatsa ya sa albarka. Shekara uku bai taɓa tambayar daga ina sanyin ya fito ba.

Mai gyaran wutar ya zo da hantsi. Dattijon Bayarabe ne, ya daɗe yana aiki a Sabo har Hausa ta zauna a bakinsa, muna ce masa Baba mai wuta. Ni da Iyabeji muka tsaya bayan ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida muna saurare, ina leƙe ta wata 'yar tsaga. Ya juya rishon ya karanta rubutun da ke bayansa, ya yi tsaki a hankali. Ya buɗe akwatin da ke gefen mita ya zare fiyus ya duba. Sannan ya bi wayar da ido har inda ta huda bango ta shiga cikin gida.

“Alaji,” in ji shi, “wannan abu yana cin wuta fa. Kai ɗaya nasa ya fi duk fitilu da fankokin gidan nan a haɗe. Wayar nan kuma siririya ce, ta tsufa. E jo, don Allah, bari in shiga in ga abin da ke kanta.”

“Ba a shiga,” in ji Yaya.

“Minti biyar kawai. Mata su shiga ɗaki ɗaya, in duba in fito.”

“Ɗakunan matan za ka bi kana leƙawa? Me kake son gani? Tambaye ni. Gidan ubana ne, babu ƙusar da ban san inda take ba.”

Wannan maganar har yau in na tuna ta sai na ji kaina ya ɗau zafi. Shekarar da ramin shadda ya cika, wari ya kai masa har zaure, ƙarti huɗu ya shigo da su tsakar gida, aka tattara mu a ɗakin Hajiya aka ja ƙofa, aka yi aiki aka gama, addinin kowa bai ragu ba. Wato in abu ya taɓa hancinsa akwai hanya. Wannan kuwa ƙirjina ne, ƙirjin matar ƙane.

Baba mai wuta ya ciro guntun takarda da biro ya ce to a lissafa masa. Yaya ya fara ƙirgawa da yatsu: ƙwan fitila goma sha ɗaya, fanka shida, talabijin biyu, rediyo, sai cajin waya.

“Ba firiji?”

“Babu.”

“Ba hita? Ba dutsen guga? Alaji, mata fa suna da abubuwa.”

“Matan wasu. Da dutsen gawayi ake guga a gidan nan.”

Mijina yana zaune a gefen tabarma. Rigar da ke jikinsa ni na goge ta da safen nan, ya gan ni da idonsa ina zare soket. Baba mai wuta ya dube shi ya ce, “Malam, abi haka ne?” Sai mutumin nan ya sunkuyar da kai yana ɓare goro ya ce, “Yaya ya fi mu sani.”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Na riga na ce “Baba” da ƙarfi har ya waiwayo wajen ƙyauren. Iyabeji ta cafke hannuna ta matse, ta kawo bakinta kunnena. “Anti, don girman Allah. Ki rufa mini asiri. 'Ya'yana.” Yaya ya ɗaga murya ya ce wace ce nan take magana maza na magana. Na haɗiye abin da zan faɗa, na mai da shi tari, wanda dama ba ya mini wuyar samu.

Baba mai wuta ya yi 'yan rubuce-rubucensa ya ce in dai abin da aka faɗa masa ke nan, wayar za ta ɗauka da ƙyar, amma a riƙa kunna kai ɗaya, in an kunna biyu kada a daɗe. Ya ce gaskiyar aikin shi ne a ja wa rishon sabuwar waya mai kauri tun daga mita, da nata fiyus daban. Yaya ya ce ba buƙata, tunda ta ɗauka ta ɗauka. Dattijon ya ba mijina soket mai ƙarfi, ya nuna masa yadda zai ɗaura a barandar ɗakina. Da zai tafi ya ɗaga fiyus ɗin ya nuna musu siririn zaren ƙarfen da ke ciki. Ya ce wannan shi ne mai gadi, in kaya ya yi wa waya yawa shi ke fara tsinkewa don kada ita ta ƙone. In ya tsinke a kira shi, kada kowa ya taɓa.

Sati biyar na yi ina girki ba hayaƙi. Ban san yadda zan bayyana wa wanda bai taɓa rasa numfashi ba. Ina jera gwangwanaye a tukunya, in murɗa ɗan maɓalli, in zauna a kujera ina tsince wake, idona ba ya ruwa. Zanena ya daina ƙauri. Na fara hawa matakalar asibiti ba tare da na tsaya a tsakiya ba, likita ta saurari bayana ta ce madalla. Har waƙa na kama kaina ina yi wata safiya, ni da rabona da waƙa tun ina goyon fari.

Mu matan muka yi namu tsarin. In zan kunna risho sai in buga bango, Iyabeji ta kashe firiza, a aika wa Hajiya ta cire hita. Tsarin ya yi kwana uku. Ƙanƙara ba ta son a kashe mata wuta, ruwan wankan Yaya ba ya jira, kuma kowa na ganin nata ɗan abin ai ba wani abu ba ne. Rana ta huɗu fiyus ya tsinke, gida ya yi tsit. Na ce wa mijina ya kira Baba mai wuta. Ya ce in aka kira shi zai yi tambaya, in ya yi tambaya Yaya zai ji. Ya samo guntuwar waya ya feɗe, ya zari zare biyu ya ɗaura. Bayan kwana biyu ya sake tsinkewa, ya sa huɗu. Da zare huɗun suka tsinke sai ya murɗe wayar gaba ɗaya, mai kaurin tsinken tsire, ya cusa. Ya shigo yana karkaɗe hannu yana murmushi, wai yanzu ya yi maganin abin, ba za ta ƙara ɗaukewa ba.

Na ce, “Malam, ba mutumin nan ya ce mai gadi ne ba?”

Ya ce, “To ai na sa mai gadi mai ƙarfi.”

Na san ba daidai ba ne. Na taɓa wayar da ke bin bangon baranda na ji ta da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Na yi shiru, saboda ina numfashi, kuma ba na son abin da zai taɓa wannan. Wannan kason laifin nawa ne, na ɗauka. Amma kasona kawai zan ɗauka.

Ranar wata Juma'a da hantsi abin ya faru. Duk macen da ta san gidan Bahaushe ta san safiyar Juma'a: ana gugar manyan riguna a ɗaki biyu, ruwan wanka na kan hita, Hajiya na niƙa kayan miya, firiza na ta gurnani saboda ranar ce zoɓo ya fi tafiya. Ni kuma mai shago ta ce in ƙara mata alale, na kunna kai biyu. Da farko wari na ji, irin na taya in ana ƙonawa. Na duba tukunya, lafiya lau. Da na ɗaga kai sai na ga robar wayar tana narkewa tana ɗiga, baƙin hayaƙi na fitowa daga silin ɗin baranda. Kafin in yi ihu wuta ta kama katakon.

Matar ɗan Yaya ta ɗauko bokitin ruwa za ta watsa, Iyabeji ta ture ta tana cewa wutar lantarki ce, za ki kashe mu. Ita ce ta ruga zaure ba mayafi ta fizge fiyus ɗin da hannunta, ya ƙone mata yatsu biyu. Muka yi ta watsa yashi da ƙasa. Maƙwabta suka ji ihu suka shigo, maza sun fi goma, har da wasu fataken shanu da suka sauka a gidan da ke kallonmu. Ba wanda ya tsaya neman izini, ba kuma wanda ya hana su. Aka kashe wutar. Silin ɗin baranda ya tafi, bango ya yi baƙi, ba a rasa rai ba. Ni kuwa hayaƙin robar ya kwantar da ni, sai da aka ɗauko mini maganin shaƙar da likita ta ba ni kafin na iya zama.

Bayan la'asar Yaya ya tara gida. Maza a zaure, mu a bayan ƙyaure, an buɗe shi kaɗan. An kira Baba mai wuta. Ya ɗaga murɗaɗɗiyar wayar da mijina ya cusa ya tambaya wa ya yi wannan. Yaya bai ma bi ta kai ba, ya riga ya gama shari'arsa tun kafin a zauna. Ya ce shekara arba'in wayar nan tana aiki ba ta taɓa ko ɗumi ba, sai da aka kawo wannan tsiyar. Ya ce an biye wa son jiki da ƙyuya, mace ta ga hura wuta ya yi mata wuya ta je ta samo takarda. Ya ce iyayenmu da itace suka yi girki har suka koma ga Allah. Ya ce a ɗauke rishon a mayar wa mai shi, magana ta ƙare.

Baba mai wuta ya ce, “Alaji, risho kaɗai ba zai yi wannan ba. Da abin da ka lissafa mini, no be so, ba zai yiwu ba. Akwai wani abu a kan wayar nan.”

“Babu komai.”

Na juya na dubi matan. Hajiya ta ƙura wa ƙasa ido tana jan carbi. Matar ɗansa ta yi tsuru-tsuru. Iyabeji na riƙe da yatsunta da aka naɗe da tsumma, tana girgiza mini kai a hankali. Na jira. Na ba su lokaci, Allah ne shaidata. Na jira mijina ya ce ko da kalma ɗaya ce, ya ce Yaya, matar nan ba ƙyuya ba ce, ni nake kwana ina jin numfashinta. Ina hango shi ta bakin ƙofa yana kallon yatsun ƙafarsa. Ƙyuya! Shekara ashirin ina hura wuta a gidan nan, na dafa na suna, na dafa na biki, na dafa na sadakar ubansu, yau ni ce mai ƙyuya. Na tura ƙyauren ya bugi bango.

Na ce, “Baba, ɗauki takardarka ka rubuta.”

Yaya ya ce, “Ke! Koma ciki.”

Ban ko dube shi ba. Na ce dutsen guga biyu, ɗaya nawa ne, rigar da ke jikin Malam shi ya goge ta. Butar shayi ɗaya. Injin niƙa ɗaya. Hita ɗaya, a ɗakin Hajiya, ruwan da Yaya ya yi wankan Juma'a da shi yau ita ta dafa. Na ce fiyus kuma Malam ne ya cusa, sau uku yana tsinkewa. A nan ya kamata in tsaya. Na ji Iyabeji ta riƙe gefen zanena ta baya tana ja. Amma bakina ya riga ya ɓalle, kuma ina son in ga fuskar Yaya ta gama faɗuwa. Na ce da firiza, babba, shekararta uku a gidan nan, zoɓon da kake sha kullum daga cikinta yake fitowa.

Hannun da ke riƙe da zanena ya sake.

Baba mai wuta ya rubuta duka, yana girgiza kai. Ya ce da an gaya masa haka tun farko da bai bari an kunna ko kai ɗaya ba. Ya ce Allah ne ya tsare, ko ba risho wayar nan tana gab da tafiya. Sannan ya ce abin ba shi da wuya: a ja sababbin wayoyi masu kauri, a raba gidan layi uku, risho da nasa, firiza da nata, sauran ɗakuna da nasu, kowane da fiyus ɗinsa. Aikin kwana biyu ne. Kowa ya riƙe abinsa lafiya, ba mai ƙonewa. Sai dai dole ya shiga ciki, ɗaki ɗaki.

Na ɗauka na yi nasara, don wauta. Na ɗauka in aka ajiye wa mutum gaskiya a gabansa, ga kuma mafita a gefe, zai ɗauka. Na manta cewa a gaban baƙo na nuna bai san gidan ubansa ba, kuma ruwan wankansa ma ya fi shi sanin abin da ake ciki. Da Yaya ya buɗe baki muryarsa a kwance take. Ya gode wa Baba mai wuta, ya ce a mayar da waya irin wadda ta ƙone, daidai ita, iya barandar da maƙwabta suka riga suka gani. Ya ce wayar ba ta yi laifi ba, amana aka ci. Duk abin da aka lissafa a fito da shi kafin magariba.

Dattijon ya ce, “Alaji, matar nan fa ba ta da lafiya.”

Ya ce, “Allah ya ba ta lafiya.”

Aka fito da su ɗaya bayan ɗaya aka jera a zaure. Hajiya ta kawo hitarta da kanta a cikin leda, ba ta dube ni ba. Firizar sai da mijina da ɗan Yaya suka kama, aka kwashe ƙullin zoɓo da kunun aya aka zuba a baho, suna narkewa a tsakar gida, yaran gidan na ta sha suna murna. Iyabeji na tsaye a ƙofar ɗakinta tana kallo, ba ta yi kuka ba. Rishona mijina ne ya mayar da shi kwalinsa, har yana goge shi da gefen riga. Da ya zo wucewa ya ce mini a hankali, “Da kin yi haƙuri.” Na ce ya ɓace mini da gani kafin in faɗi abin da zai raba aurenmu.

Mutane sun ce in yi yaji, in tafi gidan ƙanena. In tafi in bar wa wa 'ya'yana, in ci me a can? Na zauna. Na koma madafa, na ɗaura ƙyalle a hanci kamar yadda likita ta ce in yi in ya zama dole, ko da ta ce ba zai hana komai ba. Ranar da na gaya mata abin da ya faru ta girgiza kai ta ƙara mini yawan maganin.

Har yau ina fushi, kuma ban ga ranar dainawa ba. Ina fushi da Yaya, wanda ya gwammace a yi ta tari a gidansa da a ce ya yi kuskuren ƙirga. Ina fushi da mijina. Ina fushi da matan da suka bar ni ni kaɗai a bakin ƙofa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na kalmar ƙarshen nan da na faɗa, wadda ba ta ƙara mini komai ba.

Madafarmu ɗaya ce, ƙaramar rumfa mai taga guda. Da, murhu biyu ke ci a cikinta da safe. Yanzu ruwan wankan Yaya ya dawo kan itace, ruwan shayi ma haka, ga gawayin guga ana hurawa a bakin ƙofa. Iyabeji kuwa dole ta nemi abin da za ta ciyar da yara biyar. Bayan sati biyu ta sayo waken suya da babban kasko, ta kafa murhunta a gefen nawa, don babu wani wurin. Awara take soyawa, tun daga safe har azahar, da ɗanyen itace saboda shi ne mai araha. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ba ta ce mini ba na ce mata. In tari ya sarƙe ni takan dakata da juya awarar har in samu numfashi, sannan ta ci gaba. A watan da ya wuce na ji ita ma ta fara tari.